Shekarar da Aka Raba Mana Benci

Ranar Litinin ce, washegarin saukar ruwan farko, a shekarar da nake aji shida, lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa wa farar hula mulki ba. Muna tsaye a layi a filin makarantarmu, ƙasa sai ƙamshin jiƙa take yi, fukafukan shinge, garar nan mai tashi bayan ruwa, sun cika bakin azuzuwa, sai ga wata farar mota ta ratso ta tsakiyar gonakin doya tana tangaɗi a kan hanyar da tifofin yashi suka farfasa. Ƙaramar mota ba ta zuwa makarantarmu, don haka waƙar da muke rerawa ta mutu a bakinmu. Hedimastanmu, Malam Danjuma, ya yi sauri ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa. Mutumin da ya fito dogo ne, shaddarsa tana ɗaukar ido, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa layinmu. Ni da na riga na cika kaina da littattafan soyayya, nan take zuciyata ta yanke cewa irin mutumin nan ne da kan ɓullo a tsakiyar labari ya share wa marainiya hawaye. Ashe daga ofishin ilimi aka turo shi. Ya shiga ajinmu ya ɗauki alli, ya rubuta tambayar lissafi da Turanci a kan allon da muka shafa wa baƙin batir ranar Juma'a, ya ce wanda ya sani ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Sai ajin ya ɗauki raɗa, kawuna suka haɗu daga wannan benci zuwa wancan, Hausa a nan, Gwaranci a can, Fillanci a baya. Mutumin ya buga tebur da tafin hannu ya ce, "Hedimasta, wannan aji ne ko kasuwar Kwali?" Kafin ya rufe baki ƙawata Talatu ta ɗaga hannu, amsa tana bakinta, amma ko kallonta bai yi ba. A gindin mangwaro, inda muke jin komai ta taga, ya gaya wa Malam Danjuma cewa shekara da shekaru babu yaron makarantar nan da ya ci jarrabawar shiga sakandare, ga yara kullum raguwa suke yi. In bana ma ba a samu ko ɗaya ba, za a sa wa makarantar kwaɗo, a mayar da kowa babbar firamare ta cikin Kwali.

Makarantarmu ƙarama ce ta gwamnati, a wani ƙauye da ke bayan Kwali. Dogon gini ɗaya ne da rufin kwanon da ya yi tsatsa, kowane ɗaki aji biyu ne a ciki sun ba juna baya, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen kashu. Masu ƙauyen na asali Gbagyi ne, waɗanda a lokacin muke ce wa Gwarawa, maza manoman doya, mata masu ginin tukwane. 'Ya'yansu ne suka fi yawa a kowane aji, kuma su ne suka fi fashi, domin ranar kasuwa da ranar gasa tukwane da lokacin kafa wa doya sanda duk sun fi ƙararrawa ƙarfi. Akwai 'yan Basa daga ƙetaren rafi, akwai 'ya'yan Tibi da iyayensu suka zo ƙwadagon gona suka zarce da zama. Fulani kan sauka a fadama da rani su turo mana 'yan yara masu ƙamshin nono da hayaƙi, ruwa na sauka su bi shanu arewa. Sai mu Hausawa, 'yan ci-ranin da suka manta hanyar gida, iyayenmu direbobin tifa ne da masu lodin yashi da masu shayi da masu facin taya. Abuja a lokacin tashi take yi kamar ana hura ta, duk yashin rafinmu can yake tafiya. Babana, wanda direban tifa ne, yakan ce shi ya kai yashin rabin Gwarinpa amma bai taɓa ganin cikin falo ko ɗaya ba. Da can akwai 'ya'yan ma'aikata a cikinmu, na malamin asibiti da na ɗan sanda da na mai kula da gandun daji. Da abubuwa suka buɗe musu sai suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da suka fara tsirowa a bakin titi, masu farar safa da motar ɗaukar yara. Aka bar mu, mu da ba mu da inda za mu.

Da wannan tarin harsuna Malam Danjuma yake fama, shi da wasu malamai biyu da ba kullum suke zuwa ba. Yaro zai shigo aji ɗaya babu Turanci, wani ko Hausar ma babu. Shi ya sa tun kafin mu shiga makarantar ya ƙirƙiro dabararsa. A bakin kowane benci yakan zaunar da yaro ɗaya da ake kira mai juyi. In malam ya faɗi abu da Turanci, mai juyin gaba ya mayar da shi Hausa, na bayansa ya karɓa ya kai shi Gwaranci ko Fillanci ko Basanci, haka tambaya za ta yi ta tafiya har ta isa bango. Zama mai juyi girma ne da ya fi na monita, domin mai juyi ba ya shara, ba ya yankan ciyawa da langalanga, kuma shi ake fara ba ruwa in an ɗebo. Ko a jarrabawar ƙarshen zango ba a hana juyi ba. Doka ɗaya ce tak, Malam yakan faɗe ta yana kaɗa tsumagiyar dogonyaro: "Juya wa ɗan'uwanka tambaya hakkinsa ne a kanka. Juya masa amsa sata ce." Kuma wallahi mun riƙe ta. Wanda aka kama yana leƙen amsa, mu da kanmu muke bin sa da ihu har ƙofar gidansu. Amma a ce ka ga na kusa da kai ya zuba wa takarda ido bai san me ake tambayarsa ba, ka yi shiru, wannan a wurinmu rashin tarbiyya ne, tamkar ka ga tsohuwa da kaya ka wuce ta.

Ni ce mai juyin bencin gaba tun daga aji huɗu, Talatu kuma tana damana. 'Yar Gbagyi ce, baƙa siririya mai wushirya, uwarta tana cikin matan da suka fi kowa iya ginin randa. Lissafi a wurin Talatu kamar shan ruwa ne. Da zarar tambaya ta iso mata da harshen da take ji, sai ta lumshe ido ta motsa leɓe, amsa ta fito. Amma Turanci ya ƙi zama a kanta, ta ce haruffan rawa suke yi mata. Ni kuwa karatu ne nawa. Ƙanwar mahaifiyata, Anti Saude, takan zo daga Kano da ƙananan littattafan soyayya na kasuwa a ƙasan jakarta, in ta tafi ta bar mini. A kansu idona ya saba da bin layi da gudu, har Turancin ma ya zo ya bi sahu. Amma in aka ce raba wannan da wancan, sai kaina ya ɗauki zafi. Malam Danjuma yakan tsaya a kanmu ya girgiza kai ya ce, "Da za a kai ku wajen tela a ɗinke ku wuri guda, da ƙauyen nan ya samu likita."

In an tashi makaranta sai in kai wa masu lodin yashi shinkafa da waken da Inna take sayarwa, in wanke kwanuka a rafi, sannan in bi Talatu ramin yumɓu. Matan garinsu ba a ka suke ɗaukar kaya ba, a kafaɗa suke ɗorawa, na yi ta gwadawa ina zubarwa suna ta dariya har da riƙe ciki. Mukan taka yumɓu da ƙafa muna tsince tsakuwa daga ciki, ni kuma ina ba ta labarin littafin da nake karantawa, na yarinya mai dara-daran idanu da makarantar kwana mai fararen gadaje da saurayin da ke tsaye a bakin get da furanni. Takan tsayar da ni ta ce, "Kai Binta, wannan yarinya kullum kuka kullum kuka, ba shi da aiki ne? Wa yake ɗebo masa ruwa?" Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Duk da haka in na yi shiru sai ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in ci gaba. Da tsakuwar da muka tsince muke carafke, mu zana 'yar gala-gala a kan hanya, mu tsinto ɗinya har harshenmu ya yi baƙi. Mun riga mun gama tsara rayuwarmu a bakin ramin nan. Makaranta ɗaya za a kai mu, ni in riƙa karanta mata, ita ta riƙa yi mini lissafi, har ranar da za mu fito da fararen riguna garin ya taru ya tarbe mu. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wurin da za a hana mu zama kusa da juna ba.

A mayar da kowa Kwali magana ce mai sauƙi a bakin mai mota. Tsakaninmu da Kwali akwai rafin da ke cika ya batse da damina, akwai kuma babban titin Lakwaja inda manyan motoci ba sa taka burki don ɗan'adam. Babana, da ya san titin kamar tafin hannunsa, ya ce ƙannena ba za su taka shi da ƙafa ba ko da za su tashi ba su san baƙi ko ɗaya ba. Uwar Talatu ko ɗagowa ba ta yi ba daga wuyan randar da take shafewa, ta ce in an rufe an rufe, ƙananan su bi ubansu gona, Talatu kuma in ba ta ci ba babu maimaici, ga yumɓu nan yana jiranta, shi ba ya tambayar mutum Turanci. A nan muka gane cewa ba makomarmu kaɗai aka ɗora mana ba, har da ta 'yan aji ɗaya masu majina da allon katako a wuya. Mu 'yan aji shida ba mu kai ashirin ba, amma makarantar gaba ɗaya a kan wuyanmu take. Ƙananan ma sun sani. Sai ka ga yaro ya zo ya ajiye maka mangwaro a kan benci ya ruga, ko wata ta karɓe tsintsiya daga hannunka ta ce kai je ka yi karatu. Wannan kyautatawar ta fi duka ciwo.

Malam Danjuma ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi ofis, ya roƙa a bar masu juyi su yi aikinsu a zauren jarrabawa, in ba haka ba a bar shi shi ya tsaya a gaban kowa ya juya tambayoyin da babbar murya. Ya dawo bayan la'asar rigarsa jiƙe da ruwa, abin da kawai ya ce wa malaman shi ne, "Dariya suka yi mini." Washegari muka tarar an fitar da bencinanmu fili an jera su nesa da juna a ƙarƙashin bishiyoyi, mutum ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. Ya ce daga yau babu juyi. Mutumin da ya kafa dokar da bakinsa, shi ne yanzu yake zane duk wanda ya bi ta, yana duka idonsa jawur. Ban taɓa jin shiru mai nauyi irin na makonnin nan ba. Zai karanta tambaya, ta faɗi a gabansa ta tsaya nan, babu mai ɗaukarta. Ina hango Talatu can a gindin kashu tana cizon fensir har ya tsage. Gwajin farko da ya yi mana, yawancin takardun farare suka koma hannunsa. Ya zauna a kan kututture ya dafe kai da hannu biyu, mu kuma muka tsaya cirko-cirko. Ranar na fara sanin cewa manya ma sukan rasa abin yi.

Ga shi kuma ajin zubewa yake yi kamar buhun da ɓera ya huda. Ciyawa na fitowa Fulani suka ɗaure kaya. Malam ya bi su har fadama ya roƙi Arɗo ya bar masa Buba, mai juyin Fillanci, wanda ya fi duk mazan ajinmu kai. Arɗo ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ƙwaryar nono, ya ce to wa zai kora masa maruƙa? Da safe muka ga sawun shanu kawai. Yashin rafinmu ya fara ƙarewa, wasu masu lodi suka koma wajen Kuje da 'ya'yansu. Doya kuma tana neman sanda, gonaki suna neman noma, iyaye suka fara tare yara tun daga ƙofa. Sai Malam ya koma kiran gayya. Kowace Asabar makarantar gaba ɗaya, har da 'yan ƙananan da fartanya ta fi su tsawo, mu faɗa gonar uban ɗan aji shida guda mu nome ta, don a sakar masa ɗansa sauran kwanakin mako. Shi da kansa yake gaba, ya naɗe wando, yana noma yana jefo mana kalmomin Turanci muna maimaitawa daga wannan kunyar gona zuwa waccan. Tafukanmu suka yi bororo har riƙe fensir ya zama wahala. Duk da haka kowace Litinin sai mun tarar wani benci ya ƙara faɗi.

A ramin yumɓu labari ya ƙare. Sai in shafe yumɓu ya yi sumul in ɗauki tsinke in rubuta mata kalmomin da ke yawan zuwa a tambaya, waɗanda ke nufin saura nawa, da gaba ɗaya, da kowannensu. Takan riƙe su ɗaya-ɗaya, amma da zarar sun shiga cikin dogon zance na mutumin da ya sayi lemo ya hau jirgin ƙasa, sai su ɓace mata kamar allura a cikin ciyawa. Ita kuma ta jera mini tsakuwar carafke tana koya mini rabawa, in gane yau, gobe in wayi gari babu. Mun yi faɗa, mun yi kuka, mun shirya. Inna ta karɓo mini rubutun sha wajen liman, na raba biyu na kai wa Talatu rabi ta shanye tana yamutsa fuska. Ita ma ta tafi da fensiranmu coci ranar Lahadi aka yi musu addu'a. A littattafan da na sani, daidai irin wannan wurin ne wani yake zuwa, wani attajiri mai tausayi ko ɗan'uwan da aka daɗe da mantawa. Nakan tsaya da kwanuka a kaina in zuba wa hanya ido har wuyana ya gaji. Tifofi ne kawai suke wucewa.

Ranar jarrabawa Babana ya wanke tifarsa tas ya shimfiɗa mana tabarmi a baya. Gari ya fito, mata suna ɗaga mana hannu da yumɓu a yatsunsu, ƙananan yara suka bi mu da gudu har bakin rafi. Zauren da aka kai mu a Kwali ya fi makarantarmu duka girma, kowa da teburinsa da kujerarsa, ga yaran wasu makarantu da takalma sau-ciki suna kallon kayanmu da suka koɗe. Ba a bar malamai su shiga ba. A bakin ƙofa Malam Danjuma ya tara mu ya ce, "Ko me ya faru, kada wanda ya juya kansa. Kun ji ni ko?" Muka ce mun ji. Lamba ce ta zaunar da kowa. Ni na faɗa gaba kusa da taga, Talatu can baya kusa da ƙofa, tsakaninmu baƙin fuskoki layi-layi. Takardar Turanci na yi abin da zan iya, rabin zuciyata yana baya. Sai aka raba ta lissafi. Ina buɗewa na ga kusan duk tambayoyin labarai ne dogaye da Turanci. Kowace kalma na gane ta, amma ban san ta inda zan kama ba. Kuma na san can baya akwai wadda za ta gama su kafin a sha ruwa, in da za ta ji me suke cewa. Kamar an ba ni guga, an ba ta rijiya, aka gina katanga a tsakani. Na riƙe wuyana da ƙarfi don kada ya juya, hawaye suna ɗiga a kan tebur.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba sai na ji ƙarar jan kujera, sannan takun silifas a kan siminti. Tun kafin ta iso na san takun. Talatu ce take tahowa ta tsakiyar zauren, takardarta a hannu biyu, ba gudu, ba ɓoye-ɓoye. Da ta zo daidai matar da ke tsaronmu sai ta rusuna ta ce, "Anti, sannu da aiki. Ba amsa nake so ba, tambaya kawai zai juya mini." Kafin matar ta gane abin da ake ciki, ta iso teburina ta durƙusa, ta kife takardar amsarta don kada in gani, ta ɗora yatsa a kan tambaya ta farko. Ni kuma bakina ya buɗe da kansa, na ji muryata tana cewa, "Wani mutum ne yana da gona…" 'Yan makarantarmu da suka ga haka sai suka ɗauka an yarda. Wannan ya miƙe, wancan ya miƙe, 'yan Basa da ɗan Tibi da sauran 'yan Gbagyi, kowa ya nufi mai juyinsa da takarda a hannu, cikin ladabi, kamar yadda muka saba tun muna aji ɗaya. Zauren ya ɓarke da ihu da dariya. Babban mai tsaro ya taso da gudu ya fizge takardun yana cewa, "Satar amsa a gabana, ido na ganin ido?" Har yau ina ganin fuskar Talatu. Ba a taɓa kiranta ɓarauniya ba. Ta yi ta nuna teburin tana cewa, "Oga, ni ban yi sata ba. Duba, na kife nawa. Duba mana, na kife." Ya ja jan biro a kan takardunmu, aka kora duk wanda ya bar kujerarsa waje, har da mu da aka zo wurinmu.

A waje na ga Malam Danjuma, da furfurarsa, ya durƙusa a gaban babban mai tsaron, mutumin da a haife ya haife shi har ya yi jika da shi. Yana ta bayani, Turanci da Hausa suna cakuɗewa a bakinsa, yana rantsuwa cewa yaran nan ko allura ba sa ɗauka. Mutumin ba mugu ba ne, ya kama hannunsa ya ɗaga shi ya ce, "Baba, na ji ka, wallahi na ji ka. Amma ni doka aka ba ni." Da muke komawa ruwa ya tsuge, muka lulluɓa da tabarmi, babu mai waƙa. Ƙananan yara suna jiranmu a bakin rafi, suka taso da tsalle da guɗa, da suka ga fuskokinmu sai suka ja baya ɗaya bayan ɗaya. Mun ɗauka Malam zai kashe mu da duka. Bai taɓa kowa ba. Da muka sauka ya kira Talatu, wadda tun daga Kwali ba ta ɗago kai ba, ya ce mata a gaban iyayenmu, "Ba ki yi sata ba, 'yata. Abin da na koya miki kika yi."

Sakamako ya fito lokacin da ake gasa sabuwar masara. An soke namu, waɗanda suka zauna a kujerunsu kuma ba su kai ba. Babu ko ɗaya. Da aka dawo hutu muka tarar da kwaɗo a ƙofofin, aka zo da babbar mota aka kwashe bencina. Malam Danjuma aka mayar da shi wani ƙauye mai nisa, ba mu sake ganinsa ba sai labarin rasuwarsa. Wasu 'yan maza suka gwada zuwa Kwali a kan keke, kafin kaka duk sun bari. Babana ya bi yashi zuwa Kuje ya kwashe mu, a can na maimaita aji shida, na zauna ni kaɗai a teburina, shekara ta zagayo na ci. Ranar da za mu tashi ta dace da ranar gasa tukwane. Na tarar da Talatu tana zuba ciyawa a wuta, hayaƙi ya sa idonta ja, ba ta da damar barin wurin. Na je na tsaya a gefen wutar. Ita ce ta goge fuska da bayan hannu ta ce, "Je ka, Binta, ka karanta na mu biyu. Lissafin kuwa, oho, Allah ya taimake ka." Ta yi dariya, ni ma na yi, sannan na juya da gudu don kada ta ga sauran.

Yanzu ina aiki a wata ma'aikata, kullum ina bin titi daga Kuje zuwa cikin gari. Makarantar da 'ya'yana suke zuwa, kowace shekara sai an rataya ƙyalle a bakin get ana shelar cewa duk ɗalibai sun ci, kuma ina jin daɗin ganinsa, ba zan ɓoye ba. A can duk wanda aka ji yana magana da harshen gidansu horo ake yi masa. Na tambayi 'yata ko wane yare ne uwar yarinyar da ke kusa da ita take yi, ta kalle ni da mamaki ta ce ba ta taɓa tambaya ba. Na koma ƙauyenmu sau da dama. Katangun masu filaye sun cinye gonakin doya, ginin makarantar ya zama wurin ajiye siminti. Talatu tana nan, ta yi ƙiba, randunanta har daga cikin gari ake zuwa saye, 'ya'yanta suna zuwa Kwali a kan acaɓa. Mukan zauna a inuwa mu yi hirar miji da ciwon baya da tsadar kaya, amma ba mu taɓa ɗauko zancen zauren nan ba. In na ga tsaranmu da ƙannenmu na wancan lokaci suna tura baro a bakin titi, nakan ce da an bar mu minti kaɗan a teburin nan, wa ya san inda ƙauyen zai kai. Na ci jarrabawa da yawa tun daga ranar, duk na manta abin da aka tambaye ni a ciki. Wadda muka faɗi tare ce kaɗai har yau nake tuna tambayarta ta farko.